Karan hatsin da injiniya ya kira shara

Muna zaune a wani taro a Malbaza, wani injiniya mai kwat yana nuna mana hoton injin da za a cusa wa shara, ya gasa ta har ta fitar da gas, gas ɗin ya tayar da janareto, gari ya samu wuta. Dabarar gaskiya ce, na karanta yadda take aiki.

Sai ya ce zai fara da karan hatsi, wanda wai manoma ke zubarwa a banza.

Wata tsohuwa daga Dogarawa ta ɗaga hannu.

"Ɗana, saniyata guda, ita ka ba jikokina nono. Daga girbi har faɗuwar ruwa karan ga take ci. In injinka ya canye shi, mi za ta ci?"

Ya juya takardunsa. "Inna, ba a sa dabbobi cikin binciken ba."

"To, rubuta ta yanzu. Ja ce, ƙahonta guda ya karye."

Bai rubuta ba.

Bola ta toshe magudanan Konni, duk karatunsa bai hango ta ba, sai abincin saniyar tsohuwa. Mutanen karkara, ku gaya mini, a gonar wa kuka taɓa ganin karan da ba shi da mai shi?