Kakar Makaranta da Buhun Wandunanta

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofa, Kaka ta riga ta shige. Shekara talatin da huɗu tana haka. Takan fara da ajin ƙananan yara, don a cewarta su ne masu zama a ƙasa. Ta share, ta goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, ta tsince guntayen alli ta tara a gwangwani, sannan ta nufi bayin yara, inda ko malamai sai sun toshe hanci kafin su gifta. Lokacin da za a kaɗa ƙararrawa komai ya yi fes, kuma ba mai tambayar wa ya yi.

Sunanta na yanka yana takardun ofis kawai. Jikanta ne ya fara kiranta Kaka a harabar, yara suka ɗauka, malamai suka ɗauka, har shugaban makaranta. Ban saba da irin wannan rubutu ba, in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa, amma ba za a iya yi mata jinjina ba sai an sako jikan nan, don shi ya fi kowa shan wuyarta.

Yana ɗan shekara biyar, riƙe da bakin zaninta yake zuwa. Shi ke ɗaukar abin kwashe shara, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa makarantar ta kakarsa ce, tunda makullan na hannunta. Ita kuwa maigida take ce masa. Da ya kai sha biyu sai tafiya ta sauya, tana gaba yana can baya, wai takalmi ne ya matse shi.

"Kaka, don Allah in kin gan ni da abokai, ki daina ce mini maigida."

"To me zan ce? Tsohon mijina?"

Ya tafi karatu, ya dawo malamin aji huɗu a wannan makarantar, da riga a goge da laktaye a wuya. Ranar farko yana tsakiyar gabatar da kansa, ta shigo da tsintsiya, ta dube shi, ta sa gefen mayafi ta goge masa gefen baki, ta fita. Sai da ya yi wata guda kafin ajin ya daina murmushi in ya juya ga allo.

Daga nan gwiwarta ta fara ciwo. Likita ya ce ba hawa bene, ba duƙawa, ba ɗaukar bokiti, in ba haka ba wata rana ƙafar za ta ƙi tashi. Takardar ritaya ta zo, aka yi ɗan taro, aka ba ta agogon bango, aka ɗauki sabuwar mai shara mai jini a jika. Jikan ya yi ajiyar zuciya.

Washegari ya tarar da ita a harabar da bokiti.

Ya roƙe ta, ta ce ta ji. Ya haɗa ta da mahaifinsa, ta ce ita ta haifi mahaifin. Ya ɓoye mata takalma, ta zura nasa ta taho, shi ya zo aji da silifas. Mai gadi ya ce a fitar da shi daga maganar, ba zai iya tare ta ba. Mako uku ana wannan, har ranar da ƙafar ta goce a gindin bene, ta zauna daɓas cikin ruwan sabulu. Da ya iso a guje ta riga ta dafa bango ta miƙe, tana matse zani.

"Kaka, me kike so? Ki karye a nan a ce jikanki malami yana kallo? An ba ki agogo, an yi miki tafi, an kawo wata. Me ya rage?"

"Rage murya, maigida, yara na ji. Kama ni."

Ya kama hannunta. Ta ja shi zuwa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin benen, wanda duk zamansa ya ɗauka na ajiye tsintsiya ne. Ta ciro makulli ɗaya da ba ta mayar wa ofis ba. A ciki akwai buta, sabulu, tawul, igiyar shanya, da buhu cike da ƙananan wanduna da siket na makaranta, an ninke kowanne bisa girmansa. Tsofaffin kayan da iyaye suka zubar ne, ta wanke ta ɗinke.

Ta ce yaron da fitsari ya kufce masa ba ya kuka. Yakan jingina da bango ne, ya rungume jaka a gaba, ya ƙi motsi. In ta gan shi sai ta ce, zo ka riƙe mini bokiti. Kowa ya ɗauka aike ne. Ta wanke shi, ta sauya masa, ta wanke nasa ta shanya a nan ciki, kafin a tashi ya bushe.

"Sabuwar mai sharar fa?"

"Na gaya mata, ta ce ba ya cikin aikinta. Shekaranjiya a tsakiyar aji ta tsaya tana tambaya wa ya jiƙa benci."

Ya dafe goshi. "Yanzu wanduna ne suka hana ki zama a gida?"

"Wanduna. Yaron da aka yi wa dariya a aji ɗaya, sunan na binsa har ya yi gemu. Kai wa ya taɓa sa maka suna?"

"Ni ai ban taɓa..."

"Sau uku. Na ukun ma ba fitsari ba ne."

Ya leƙa waje ya ga ko akwai kowa, ya dawo ya miƙa hannu. "Ba ni makullin."

Ta dube shi tun daga sama. "Kai? Da wannan igiyar a wuya?"

Ba ta bayar ba. Ta ce sai ta gani. Ya shawo kan malamar aji ɗaya ta karɓi ɓangaren 'yan mata, ya ajiye wa Kaka kujera a baranda da sharaɗin ba za ta taɓa bokiti ba. Kwana biyu bayan haka, lokacin hutun tara, wani ɗan yaro ya jingina da bango, jaka a gaba. Jikan ya wuce shi da tulin littattafai bai ko lura ba. Kaka ta yi tari irin wanda ba na mura ba. Ya tsaya, ya waiwayo, ya ce, "Kai, zo ka taya ni ɗaukar waɗannan." Ya sa yaron a gaba, ya bi bayansa daf da daf har ɗakin.

Ya fito hannun riga a jiƙe, laktaye a aljihu. Kaka ta ɗingisa ta shiga, ta sunsuna wandon da ke kan igiya.

"Ba ka ɗauraye da kyau ba, sabulu zai ci masa jiki."

"Kaka, don girman Allah."

Ta sa masa makullin a tafin hannu. Tun ranar ba ta sake zuwa ba. Tana gida, ƙafa a kan matashi, kullum ya dawo sai ta tambaye shi guda nawa yau, kuma ko ya ɗauraye.

Kaka, ke ce mai rufa asirin da masu shi ma sun manta an rufa musu. A cikin waɗanda suka riƙe miki bokiti akwai masu tuƙa manyan motoci yanzu, akwai masu duba marasa lafiya, suna tafiya kai a sama, ba wanda ya taɓa jin komai daga bakinki, in ban da jikanki, shi ma shi ya ja. Kina da taurin kai, wannan kowa ya shaida. Mun gode da shi. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Mu kuma da muka rage, gobe in mun ga yaro ya jingina da bango ya rungume jaka, kada mu tambaye shi me ya faru. Mu nemo masa abin da zai riƙe mana.