Yadda Na Sayar wa Issaka Amurka

Ni direba ne, ɗan direba. A Funtuwa na tashi, na yi shekaru ina jan motar haya zuwa Zariya, ba a taɓa kama ni da kwandalar wani ba. Na faɗi wannan ne don ku sani, ku matasa, ba da halin cuta aka haife ni ba. Da girmana na koya, kuma a Doha na koya.

Kamfanin da ya kawo ni ya haɗa ni da wani injiniya Ba'amurke, ina kai shi aiki ina dawo da shi. An ba ni ɗaki a unguwar Old Airport, ni kaɗai. Mutane suna ganin gata ne, tunda wasu su takwas suke kwana ɗaki guda. Amma sai in yi kwana uku ban yi Hausa da kowa ba. Ranar Juma'a in je Asian Town, matattarar baƙin ma'aikata, in zaga, in sha shayi a tsaye, in dawo. Ba wanda ya san na zo, ba wanda ya san na tafi.

Maigidan nawa akwai surutu, kuma zancensa ɗaya ne: ƙungiyar garinsu ta ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hular kwano, ƙarti na ture juna a kan ƙwallo mai kama da gwanda. Ƙungiyar ta daɗe ba ta ci komai ba, amma da kakar wasa ta matso sai ya ce bana tasu ce. An canza koci, an kawo sabon mai jifa, saura a samu manyan ƙarti masu tare masa gaba. Tun ina gyaɗa kai don ladabi har na haddace. Wata rana ya ba ni rigar ƙungiyar da hula, ya ce yanzu mun zama mu biyu a Qatar.

Da rigar na je Asian Town. Ina tsaye wani ƙato ya yi mini sallama da Hausar 'yan Zangon Ghana, ya tambaye ni rigar ta ina ce. Sunansa Issaka, ɗan Kumasi, gadi yake yi a wani kamfani. Na yi masa bayanin wasan, kuma nan ya kamata in tsaya. Sai na ga mutum huɗu sun matso suna saurarena, abin da ban taɓa samu ba a ƙasar. Kawai na ji bakina yana cewa maigidana wakilin ƙungiyar ne, an turo shi neman ƙarti 'yan Afirka kafin a fara kaka, ni nake taya shi.

Wallahi a ranar ban yi tunanin kuɗi ba. Wani daga cikinsu ne ya ce, “To nawa ne fom ɗin?” Juma'ar da ta biyo na zo da fom, na sa an buga mini da tambarin ƙungiyar, na fara karɓar kuɗinsu.

Daga nan muka fara haɗuwa a wani fili bayan kasuwar Abu Hamour. In auna tsayinsu da igiyar awon tela, in ja layi a ƙasa, in ɗaga waya da agogon awon gudu in ce yalla, su yi gudu. Abin dariya, ni da ban taɓa riƙe ƙwallon ba nake gyara wa ƙarti tsayuwa. Issaka ya fi kowa ɗaukar abin da gaske. Yakan kira ni Yaya. Yakan dafo wake da shinkafa ya kawo mini, kuma da na yi zazzaɓi ya hau bas biyu ya zo duba ni. Shi ne mutum na farko a Doha da ya buga mini waya don kawai ya ji lafiyata. Ina son yaron nan, kuma ina cutarsa, duk a lokaci guda.

Da kakar ta ƙarato suka matsa mini, yaushe Turawan za su zo gwaji? Na ce Talata ta sama, nan da mako biyu. Washegari Issaka ya kira ni.

“Yaya, sufabaiza ya hana ni hutu. In bar aikin in yi tirenin?”

Na san abin da ake yi wa wanda ya bar aiki ba izinin kafil, wato wanda ya kawo shi ƙasar. Kamfani zai kai rahoton ya gudu, daga nan sai kamu. Amma in na ce kada ya bari, zai tambaye ni dalili. Na ce, “Khalas, shi ke nan, bar aikin. Mai tafiya Amurka me zai yi da gadi?”

Ranar Talatar na kashe wayata, na kai maigida ofis, na wuni a cikin mota. Su kuwa suna fili tun safe, cikin zafin nan mai dafa mutum, har la'asar. 'Yan sanda masu sintiri suka ga taron, suka nemi katin zama. Na Issaka ya nuna an kai rahotonsa. Sauran suka ba da sunana, kwana biyu aka zo aka tafi da ni.

Sau ɗaya muka haɗu, a wurin da ake tsare mu kafin a kai ni kotu. Na zaci zai shaƙe ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ya dube ni ya ce, “Yaya, tambaya ɗaya. Gudun nan da kake aunawa, da gaske na fi kowa?” Na ce masa ban taɓa danna agogon ba, da ka nake faɗin lamba. Ya gyaɗa kai ya ce, “To.” Aka mayar da shi Ghana, ba damar dawowa.

Ni kuma na yi zamana a kurkuku. Ranar ziyara ana kiran sunaye, nawa bai taɓa fitowa ba. Kaɗaicin da na yi ƙarya don in guje masa, a can na san ashe ban fara ganinsa ba. Da na gama aka sako ni a jirgi, na dawo Funtuwa na koma tasha.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Wani ɗan Zango da muka zauna tare a kurkuku ya samo mini lambar gidansu Issaka. Da na kira, mahaifiyar Issaka ce ta ɗauka, ta ce yana kasuwa wajen dako. Da na faɗi ko ni wane ne sai muryarta ta cika da murna. “Kai ne yayan nasa na Nijeriya? Ya ce ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ne bai nufa ba.” Ashe bai gaya mata ba. Ta ce Allah ya ba 'ya'yana mai riƙe su kamar yadda na riƙe ɗanta. Na bar ta tana ta cewa alo, alo. Shi kuwa Issaka har yau bai amsa kirana ba.

Ku da kuke shirin fita waje, kaɗaici zai same ku, babu makawa. Ku nemi masallaci, ku nemi 'yan uwa, ku je musu a matsayinku na direba ko mai gadi, ko da ba wanda zai juyo ya kalle ku. In ƙarya ta kuɓuce muku, ku janye ta a ranar, kafin wani ya ɗora rayuwarsa a kai. Kada ku kai inda na kai, tsohuwa tana sa mini albarka da zuciya ɗaya, na kasa ce mata amin.