Tokar da Yaya Ta Tace

Yayata ce ta rene ni a Shagari bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tun da na fara yawon duniya ta daina gaskata labaraina. Ba ta taɓa ce mini maƙaryaci ba. Takan dai saurara, ta ce Allah ya kyauta, ta koma kan tankaɗenta. Na tsufa wannan abu yana damuna.

Wata shekara aikin tafinta ya kai ni can ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu. Direbanmu ya tsaya inda aka tsaga tudu domin hanya, ya nuna mini wani farin layi a jikin ƙasar, kaurinsa ya kai ƙuguna. Ya ce mini da Sifaniyanci wai toka ce, daga wani dutse mai aman wuta da ƙanƙara ta lulluɓe, wanda ko hango shi ba ma yi daga nan. Dutsen ya fashe ne tun zamanin da babu mai tunawa. Ƙarƙashin layin akwai baƙar ƙasa irin ta fadamar Danchadi. Na ga hamada a Sudan, na ga teku a Jidda, babu wanda ya ba ni mamaki kamar wannan. Na ɗebi tokar a gwangwanin shayi.

Da na dawo na ba Yaya labari, na miƙa mata gwangwanin. Batun wuta a ƙarƙashin ƙanƙara ko tanka shi ba ta yi ba. Toka kuwa ta san ta, domin duk shekara tana ƙona karan gero ta tace ruwan toka na miya. Sai ta juye tsarabata cikin hudajjiyar ƙwaryarta, ta zuba ruwa, muka zauna muna jiran ɗigo. Na san idan ruwan ya fito da santsi da kaifi, to a wurinta tokar murhun wasu na kwaso.

Ta ɗanɗana, ta tarar da ruwa salam. Ta murza abin da ya rage a ƙwaryar tsakanin yatsunta, ta sa kaɗan a haƙori, na ji ƙaras.

"Auta, wanga ba itace anka ƙona ba," in ji ta. "Dutse na anka niƙa."

Na ce haka masanan can suka faɗa. Ta daɗe tana kallon yatsunta. Ita da ta yi shekaru a kan dutsen niƙa ta san ƙarfin da hatsi kaɗai yake ci. Ta sa na sake nuna mata kaurin layin a jikina, na tashi na dafa ƙugu. Ta tambayi nisan dutsen, na ce ya fi daga nan zuwa Sakkwato sau da yawa.

"Akwai mutane wurin, sa'ad da ta zubo?"

Na ce ana zaton akwai mafarauta. Ta yi salati a hankali, ta ture ƙwaryar gefe.

"Zamna," ta ce. "Faro min daga farko."