Ƙuri'ar da Munjiya Ta Ba da Aro

Munjiya ta shiga jam'iyyar ma'aikata tun tana budurwa, lokacin da take ɗinki a wata masaƙa a garin Kef. A zamanin, shiga irin wannan jam'iyya ba wasa ba ne. An kore ta daga aiki, an kuma tsare ta, ta fito da kunne ɗaya ba ya ji sosai. A jam'iyyar ta haɗu da mijinta Hedi, 'yan jam'iyyar ne kuma suka ɗauki makararsa. Ɗansu guda ya tafi Faransa ya yi aure can. Sai ya zamana ba ta da wasu dangi a kusa in ba mutanen ofishin jam'iyya ba, wani ɗan shago da ke bayan tashar mota.

Jam'iyyar ba ta taɓa cin kujera a mazaɓar ba, amma tana da mutanenta: tsofaffin ma'aikatan masaƙa, malaman firamare, da 'yan jirgin ƙasa da suka yi ritaya. Duk ranar Alhamis ofis yakan cika, a dafa shayi mai na'ana'a, a yi ta gardama har la'asar.

Da zaɓen majalisa ya matso, sai shugabanni suka bugo mata waya daga Tunis, babban birnin ƙasar. Suka ce manyan jam'iyyu biyu sun yi kunnen doki a mazaɓar, ɗaya kuwa idan ta ci, ƙungiyar ƙwadago ta shiga uku. Don haka bana ba za su tsayar da kowa ba. Ta gaya wa mutanenta su zaɓi Lutfi, lauyan da ɗaya jam'iyyar ta tsayar. Aro ne na zaɓe ɗaya, in ji su. Lutfi kuwa ɗan manajan da ya kore ta daga masaƙa ne.

Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta, sannan ta yafa mayafinta ta fara bin gida-gida. Ƙofofin da ta yi shekaru tana ƙwanƙwasawa don a zaɓi jam'iyyarta, su ta koma tana roƙo a zaɓi wani.

Shazli mai gidan kofi, wanda suka sha gwagwarmaya tare, ya saurare ta yana goge kofuna.

"Lalla Munjiya, ke da kike hana mu sayar da ƙuri'a, yau kyauta kike rabawa?"

"Aro ne, Si Shazli. Za ta dawo."

"Ni ma na ara wa surukina tsani tun kafin a haifi autana. Har yau sunansa aro."

Ya yi dariya, amma ya ce zai yi yadda ta ce. Zuhra ce ba ta yi dariya ba. Ɗaki ɗaya aka kulle su a kurkuku, bargo ɗaya suka rufa. Ta ce gara hannunta ya shanye da ta zaɓi ɗan manaja, kuma daga ranar ta daina amsa gaisuwar Munjiya a kasuwa.

Lutfi ya ci da ƙyar. Kowa ya san da ƙuri'un wa ya tsallake. Motoci suka cika gari da oda, Munjiya ta koma gida ta ɗumama sauran kuskus ta ci ita kaɗai.

Daga nan taron Alhamis ya fara raguwa. Waɗanda suka bi maganarta sun gane hanyar ofishin Lutfi, inda ake samar wa yara aiki, a nema wa maras lafiya gado a asibiti. Waɗanda suka ƙi kuwa suna ganin ta sayar da su. Takan dafa shayin mutum goma, mutum biyu su zo, wani lokaci ba kowa. Shugabannin Tunis suka rabu gida biyu, wayarsu ta daina shiga.

Da wani zaɓen ya kusa, Lutfi ya zo da kansa, ya sumbaci goshinta, ya ce akwai kujera gare ta a kwamitinsa. Ta ce ita abin da ta ara masa take so ya mayar.

"Khalti, ban ɗaure kowa ba," ya ce a hankali, yana kiranta inna da Larabci. "Ki kira su, wanda ya zo naki ne."

Ta kira su. Shazli ya ce gwiwarsa ba ta barinsa yawo yanzu. Wani matashin malami da ta sa wa rai zai tsaya takara ya ce an yi masa canjin aiki zuwa garin Susa. Mai shagon da suke ofis a ciki ya karɓi abinsa ya ba wa masu gyaran waya, ta kwashe kujerun ta jera a tsakar gidanta.

Ranar zaɓe ta je da wuri ta bi layi. Ta duba takardar sama da ƙasa, babu sunan jam'iyyarta. Ta daɗe a tsaye a bayan labule, har ma'aikaciyar zaɓe ta leƙo tana tambaya ko tana son taimako. Ta ce a'a, ta ninke takardar ba ta zaɓi kowa ba, ta jefa a akwati. A hanya ta tsaya ta sayi burodi ɗaya, ta bi ta bayan masaƙar ta koma gida.