Saƙon Muryar Da Ya Kusa Mayar Da Matata Ƙanwata

Assalamu alaikum, Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina sayar da wake da gero a bakin kasuwar Ogbete. Haifaffen unguwar Asata ne ni a nan Inugu, na haura hamsin, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Karatuna na allo ne, wannan takardar ma da ajami na tsara ta kafin a mayar da ita boko. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne asali. Mahaifina ya zo Kudu yana saurayi, ya rasu bai bar mana komai game da danginsa ba sai sunan gari, mahaifiyata ma ta bi shi. 'Ya'yana kuwa in aka tambaye su 'yan ina ne, sai su ce 'yan Asata.

Wani maƙwabcina a kasuwa ne ya saka ni cikin wani zaure na waya, inda Hausawan Inugu da Anacha da Fatakwal, da waɗanda suka koma Arewa, ke bin diddigin iyaye da kakanni. Na ji daɗin wurin ƙwarai. A can na samo wani ɗan baffana, har muka yi kuka a waya. Matata takan tsokane ni, wai Alhaji ya mayar da waya amarya, da ita yake cin tuwo, da ita yake kishingiɗa. Nakan ce mata ai amaryar nan ba ta neman kuɗin cefane.

Wata rana bayan azahar ina shago, sai wata dattijuwa da ta zauna a gidanmu na haya shekaru da dama kafin ta koma Kano ta turo saƙon murya. Ta gane mahaifiyata daga hoton da na saka, tana ta yabonta. Cikin yabon ta ce ba za ta manta ba, matar wani mai goro daga Anacha ta zo Inugu jinyar ciwon nono, ta sauka gidanmu da jaririyarta ta fari, mahaifiyata kuma, da take goyon ƙanena, ta haɗa su ta shayar har uwar ta warke. Ta ambaci laƙabin mai goron. Surukina ne. 'Yarsa ta fari kuwa, a iya sanin kowa, ita ce matata. Mudun da ke hannuna ya faɗi, waken ya watse. Duk wanda ya yi karatu ya san hukuncin: wadda uwarka ta shayar ƙanwarka ce, aure bai halatta a tsakaninku ba.

A nan na tafka kuskurena. Maimakon in yi shiru in nemi masu ilimi, sai na danna waya, na shaida wa zauren kaf cewa yarinyar nan ita nake aure. Kafin la'asar saƙonni sun yi ambaliya. Wani na salati, wani na yanke hukunci, wani na tambayar matsayin 'ya'yanmu. Na goge saƙon, amma ya riga ya fita. A gida na kasa faɗa wa matata. Na kwashe shimfiɗata na koma ɗakin baƙi, na ce zafi ne. In ta miƙo mini ruwa sai in karɓa ba tare da na dube ta ba. Ta tambaye ni laifin da ta yi, na ce babu. A gidan suna a unguwar Coal Camp ta ji labarin, daga bakin wata da ta matso tana yi mata jaje. Ta dawo ba ta ko cire mayafi ba, ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ce in gaya mata da sunan da za ta riƙa kirana yanzu, Alhaji ko Yaya.

Limaminmu ya yi mini faɗa sosai. Ya ce maganar mutum ɗaya ba ta rushe aure nan take, amma in uwar matata ta tabbatar, to babu sauran zama. Muka hau motar Anacha ni da matata, kowa na kallon tagarsa. Muka sauka Head Bridge, bakin gadar Anacha, muka hau baburan okada biyu zuwa gidan iyayenta. Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Ni da ko abinci ban taɓa ci a gaban surukata ba, ga ni durƙushe a bayan labule zan tambaye ta zancen nono. Bayan doguwar gaisuwa na ce Inna ta gafarce ni, na faɗi abin da ya kawo mu.

Inna ta saurare ni har ƙarshe. Daga nan ta ce gaskiya ne, ta yi jinya a gidanmu, mahaifiyata kuma ta shayar mata da 'ya. Matata ta saki salati. Sai tsohuwar ta ce mu bari ta ƙarasa: waccan yarinyar tana kwance a maƙabartar Inugu, ba ta kai yaye ba. Matata bayanta aka haifa. Tsohuwar ta ce 'yar fari ce, ko tana raye kunya ba za ta bar ta ta kama sunanta ba, balle ta rasu. Mijinta ya san ciwon, bai taɓa tayar da zancen ba, yaran kuma suka tashi ba su sani ba. Ta ce jaririyar tana da cindo a hannun hagu, in ina shakka in tambaya. A tsakar gidan na kira dattijuwar Kano, ban gaya mata komai ba, na ce ko ta tuna wata alama a jikin yarinyar. Ta ce ƙwarai, yatsu shida gare ta a hagu. Na dubi hannun matata, hannun da na sani shekara da shekaru, babu ko tabo. Na faɗi na yi sujada.

Aurenmu ya tsira, amma ban fita lafiya ba. Na sa tsohuwa ta tone abin da ta binne tun tana yarinya, a gaban surukinta. Har yau akwai masu nuna 'ya'yana da baki a unguwa, domin labarin farko ya je inda gyaran bai je ba. Matata ta yafe, sai dai ta ce ba zancen nonon ne ya fi ƙona ta ba, sai yadda mutanen da ba ta taɓa gani ba suka san halin da aurenta ke ciki kafin ita.

'Yan'uwa masu neman asali, neman alheri ne, ban daina ba. Amma abin da tsoho ya tuna yanki ne kawai na labari, kuma duk abin da ya shafi mutanen gidanka, su ya kamata su fara ji, sannan malamai, zauren waya a ƙarshe in ma ya zama dole. Na daɗe ina neman dangi a Arewa, ashe akwai ƙanwata ta nono a nan Inugu da ban taɓa yi wa addu'a ba. Yanzu duk Juma'a ni da matata mukan sa ta a addu'a, ita tana cewa yayarta, ni ina cewa ƙanwata.