Om Yopi Ba Ya Naɗe Hannu

Duk unguwarmu a birnin Manado babu wanda bai san Om Yopi Rondonuwu ba, wato Kawu Yopi, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa mai tumbi kamar tulu. Tun da ya yi ritaya ba shi da sana'a sai kartar birij, wadda mutum huɗu ke yi biyu-biyu, kuma a ganinsa duk Sulawesi ba a haifi gwani irinsa ba. Abokiyar wasansa matarsa ce, Tante Dortje, wato Gwaggo Dortje, mai kyafaffen kifi, wadda ta fi shi kai nesa ba kusa ba.

Ciwonsa ɗaya ne. In an gama tayi, wato cinikin launin da za a yi wasa da shi, wanda ya fara ambaton launin da aka tsaya a kai shi ke buga wasan, abokinsa kuwa ya baje kartarsa a tebur ya naɗe hannu. Om Yopi gara a cire masa haƙori da ya naɗe hannu. Kome Tante ta taya, sai ya murɗa shi har wasa ya dawo wajensa.

Ranar gasar cocinmu, ana tasowa daga sujada ta ja masa kunne. "Yopi, ka sake ƙwace mini wasa yau, to ka nemi wata. Ga Alo direba can, kullum sai ya roƙe ni in yi da shi."

"Alo? Wanda ko fasinjojinsa bai iya ƙirgawa ba?"

Sai ga Alo a teburinsu, cikin abokan hamayya. Aka raba karta. Tante ta taya launin zuciya. Om Yopi ya leƙa hannunsa, zuciya ce fal. Ko kajin gidansa sun san nan ya kamata a tsaya, zuciya ta zama mai yanka sauran launuka, Tante ta buga a tashi. Amma ya hango kansa zaune zugum, mata na kallo. Ya gyara murya, ya taya wasan da babu mai yanka.

Tante ta baje kartarta, ta naɗe hannu.

Ashe Alo na riƙe da jerin launin lu'ulu'u, shi kuwa gwani Om Yopi ƙanana biyu gare shi, ga shi ya zubar da abin yanka da bakinsa. Alo ya dinga ajiye su ɗaya bayan ɗaya yana kwashewa.

"Om, in ci gaba, ko za ka sha ruwa tukuna?"

"Rabon ne ya zo a karkace," in ji Om Yopi, yana share gumi.

"Rabon lafiyarsa ƙalau," in ji Tante. Ta ɗauki jakarta ta tashi.

Yanzu kowace Lahadi da Alo take wasa. Om Yopi ya zagaye unguwa neman aboki, kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Yana nan bayan kujerar matarsa, riƙe da jakarta, hannu a naɗe, yana gaya wa bango abin da zai buga da shi ne.