Autar Katikis Ta Daina Durƙusawa

Ita ce autar katikis, shi ya sa har furfura ta fito mata ake kiranta Auta. A bayan coci aka haife ta, a ɗan gidan da ake ba katikis, mai koyar da addinin Katolika. Kafin ta iya ɗaura zane ta iya jan carbi. Ita ke tayar da waƙa ran Lahadi, kuma da ta koyi ɗinki ta buɗe shago, rigunan Fada, limamin cocin, da mayafin bagade ba mai taɓa su sai ita. Yayyenta kan yi mata tsiya, wai da mata na zama Fada, da tuni sun shiga uku, don a gabanta za su riƙa furta zunubi.

Abin ya faro ne a asibiti, a ɗakin yara. Ɗanta ya kwanta da sanƙarau, a gadon kusa da shi kuma wata yarinya ce mai irin ciwon. Uwar yarinyar mai sayar da kayan miya ce, 'yar cocinsu. Suka zama kamar ciki ɗaya: tabarma ɗaya, kofi ɗaya, har carbi ɗaya, don na matar ya tsinke. In wannan ta gaji da addu'a, waccan ta karɓa. Ɗan Auta ya tashi. Yarinyar kuwa, wata safiya ana cikin sharar ɗaki, nas ta zo ta cire mata ƙarin ruwa, ta ja labule.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta naɗe tabarma, ta miƙa wa Auta carbinta, ta ce, "Riƙe abinki, 'yar'uwa. Ke ake ji."

Da aka sallami yaron, Fada ya kira Auta gaban jama'a ta faɗi abin da Ubangiji ya yi mata. Ta karɓi lasifika, sai idonta ya faɗa kan mai kayan miya a bencin ƙarshe. Baki ya ƙi buɗuwa. Mutane suka ɗauka murna ce ta shaƙe ta, suka ɗau tafi.

Ba ta saki bangaskiyarta da sauƙi ba. Ta yi azumi, ta yi durƙuso har gwiwoyinta suka yi kanta. Fada ya ce gwaji ne, zai wuce. Bai wuce ba. Da fushi take yi da Allah da abin ya zo da sauƙi, don wanda kake fushi da shi yana nan. Ita kuwa ji take kamar tana sallama a gidan da aka daɗe da tashi. Wata rana tana kan keken ɗinki tana kalmasa bakin mayafin bagade, ta gane ta daina yarda akwai kowa. Ta kifa kai a kan keken, ta yi kuka kamar wadda aka aiko wa da mutuwa.

Mijinta, direban motar haya, ya ce, "Ki riƙa zuwa kawai. Wa zai leƙa zuciyarki?" Ta ci gaba da zuwa, amma ta daina tashi karɓar jibi, tsattsarkar gurasar da ake rabawa a coci. Mahaifinta, tsohon katikis, ya lura. Ya dogara sandarsa har shago, ya ture yadudduka ya zauna a benci.

"Auta, wani zunubi ne? Babu wanda ya fi ƙarfin gafara."

"Ba zunubi ba ne, Baba. Na nema ne ban samu kowa ba."

"Ba ki samu wa ba?"

"Shi. Ban yarda akwai shi ba, Baba."

Tsohon ya kalli ƙyallayen da ke ƙasa. Sannan ya ce, "Na koyar da 'ya'yan mutane, ashe nawa gidan na yoyo. A ina na yi sake?"

"Ba laifinka ba ne."

"To, ran da na mutu, a wurinki shi ke nan?"

Kalma ɗaya ta ƙarya da ta ishe shi, amma shi ya hana ta ƙarya tun tana ƙarama. Ya miƙe, ya dafa kanta, ya fita.

Bai taɓa yi mata faɗa ba. Matan coci ne suka janye jiki, ɗinkin Fada ya koma wani shago. Da ciwo ya kwantar da tsohon, ita ta yi jinyarsa, tana juya shi, tana ba shi abinci a baki, shi kuma yana yi mata addu'a a fili tana ji.

A bakin kabarinsa yayyenta suka rungume juna suna cewa rabuwar ta ɗan lokaci ce, za a sadu. Auta ta tsaya gefe. Su rakiya suka yi masa, ita kaɗai ta binne uba.

Yanzu kayan makaranta take ɗinkawa. Ran Lahadi takan goge wa ɗanta riga, ya bi babansa coci, ita ta zauna a tsakar gida tana tsinke zare. In mai kawo ɗinki ta ce, "Sai jibi, in Allah ya kai mu," Auta takan ce, "To, sai kin zo."